Giga Takwas na Zuma: Abin da Na Tsinto a Kasuwar Zuru

Yabon gwani ya zama dole, ni kuwa yau gwanaye ne cike da bakina. Wata uku ke nan da na sayi wani ɗan mamori mai giga takwas a kasuwar Zuru, abin da bai kai farcen yatsa ba, kuma tun daga ranar ban yi kwanan da ban saurare shi ba. Na ji shi a bayan kabu-kabu tsakanin Zuru da Dabai. Na ji shi a mota, a hanyar Mahuta zuwa Koko, direba yana roƙona in ƙara sauti. Na ji shi a tsakar gida da dare, gari ya yi tsit, iskar duwatsu tana saukowa. Daɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga yadda aka yi. Na kai wayata caji rumfar wani saurayi daga cikin masu tura waƙa, irin waɗanda ke zaune da kwamfuta a gabansu da tarin wayoyi jere a kan katako. Ina jira ke nan sai na ji wani kiɗan jita yana fitowa daga lasifikarsa, kiɗan da ban taɓa jin irinsa ba, yana gudu kamar raƙumin da aka saki a fili. Na tsaya cik.

"Ɗana, wane ne wannan?"

"Kawu, wani Ba'abzine ne daga Nijar. In zuba maka?"

"Zuba mini shi. Ka haɗa mini da abin da kai kake ji, da abin da kakanka yake ji, da abin da ba wanda ya taɓa tambayarka."

Ya ɗago kai ya dube ni, fuskarsa ta washe. "To Kawu, sai ka ba ni rabin awa, don wannan aikin ba na gaggawa ba ne."

Da na dawo ya miƙo mini mamorin da hannu biyu. Ya raba shi folda huɗu, ya sa wa kowace suna: Na Da, Na Ƙetare, Na Yanzu, Na Gida. Allah ya yi wa yaron nan albarka, don ya jera mini su kamar yadda gwanar tuwo ke jera kwanuka. Bari in bi muku su ɗaya bayan ɗaya.

Na Da: da tsohuwar zuma ake magani

Wanda ya fara yi mini maraba shi ne Alhaji Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri, namu na jihar Kabi, ɗan Aliyu Ɗandawo da ya yi zamani a fadar Argungu. Kai, murya ke nan! Tana fita a natse, ba ihu, ba gaggawa, kamar dattijon da ya san ba wanda zai katse shi. In kana son ka gane yadda waƙar fada take aiki, zauna da Sani Ɗandawo ka sa kunne a kan 'yan amshinsa. Jagora zai ɗauko ɗan waƙa ya kai shi rabi, sai ya sake shi, 'yan amshi su cafe kafin ya taɓa ƙasa, su ƙarasa shi, su mai da shi gindin waƙar. Ko tsinke ba ya shiga tsakaninsu. Mutum biyar ko shida suna numfashi da huhu ɗaya. Sau nawa na mai da wuri ɗaya baya don kawai in sake jin wannan cafewar!

Daga nan sai Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Ɗaukar tsohuwa ce, akwai ƙara a cikinta, amma ƙarar ba ta iya rufe hikimar ba. Narambaɗa maƙerin magana ne. Yakan ɗauki karin magana ya lanƙwasa shi ya fito da sabon abu, ka rantse tun kaka da kakanni haka ake faɗinsa. Ku nemi waƙarsa ta Dokin Iska Ɗanfilinge. Doki ake yabo, amma kafin a gama za ka ji kamar kai ne a kan sirdi, kotso yana sukuwa a ƙarƙashinka.

Alhaji Musa Ɗanƙwairo na Maradun ya biyo baya, wanda ya rasu a 1991, shekarar da aka yanke jihar Kabi daga tsohuwar jihar Sakkwato. Waƙoƙinsa na Sardauna Ahmadu Bello har yau suna sa tsofaffi su gyara zama. Abin da ya fi burge ni a wurinsa shi ne yadda muryoyin ƙungiyarsa ke hawa kan juna, wata siririya a sama, wata kakkaura a ƙasa, kamar ginin da aka yi wa azara. Sai Mamman Shata, wanda ya bar duniya a 1999, da kalangunsa da bakinsa da ba ya ƙafewa. Shi ba sai na tallata shi ba, rana ba ta buƙatar fitila.

Mu a ƙasar Zuru mutanen kokawa ne, saboda haka da kiɗan Ɗan Anace ya shigo sai na ji jinina ya motsa. Waƙarsa ta Shago, shahararren ɗan damben nan, ta wuce kirarin fage kawai. Labari ne na jarumta da mutuwa da abin da namiji ke bari a bayansa. Kalangu yana kuka, murya tana zuga, kai da kake zaune a kan tabarma sai ka ga ka dunƙule hannu ba ka sani ba.

Amma a cikin wannan folda, wanda ya kwana a zuciyata shi ne Ɗan Maraya Jos, Allah ya jiƙansa, ya rasu a watan Yuni na 2015. Mutum ɗaya, kuntigi ɗaya, tsirkiya ɗaya. Ba 'yan amshi, ba fada a bayansa. Da wannan ɗan abin da za ka iya ɓoyewa a aljihun riga ya zagaya duniya. Ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa ma'aurata nasiha, ya dubi talaka a ido ya ce shi ma abin waƙa ne. Duk matashin da ke zaune a ɗakinsa yau da jita ko fiyano, yana haɗa waƙa shi kaɗai ba tare da wani kamfani ko ubangida ba, ya sani yana da kaka, kuma sunan kakan Ɗan Maraya.

Sai uwarmu Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, sarauniyar amada. Ƙorai ne kawai a kife, mata na dukansu, ita kuma tana tsaye tana faɗa wa mata su tashi su kama sana'a. Muryarta akwai dariya a ciki, akwai tsawa, akwai lallashi. Duk lokacin da na sa ta, matan gidanmu sai sun leƙo.

Na Ƙetare: jitar da ta bi ta Sakkwato

Yanzu bari in koma kan mai jitar da ya tsai da ni a kasuwa. Sunansa Mdou Moctar, Ba'abzine daga yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar, bahago ne, kuma jitarsa ta farko shi ya harhaɗa ta da hannunsa, da katako da wayar birkin keke. Ku nemi kundinsa mai suna Afrique Victime na 2021, ku sa shi da ƙarfi. Wallahi ban san yatsun ɗan Adam suna iya wannan gudun ba. Kiɗan yakan fara a hankali kamar tafiyar ayari da asuba, sai ganga ta riƙa ƙara wuta, tana ƙarawa, tana ƙarawa, har ka ji ƙasa tana juyawa da kai. Da harshen Tamashek yake waƙa, ban jin ko kalma ɗaya, amma na ji kewa, na ji fushi, na ji so, ba wanda ya fassara mini. Kundinsa na 2024, Funeral for Justice, ya fi wancan zafi ma.

Da na bi sawun labarinsa sai na tarar da abin da ya sa na tashi tsaye don murna. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008. Sakkwato tamu, tsohon babban birnin jiharmu! A sitidiyo irin na masu waƙoƙin finafinan Hausa ya yi shi, da kiɗan na'ura da wannan lanƙwasa murya da muka saba ji a waƙoƙin soyayya. Waƙoƙin ba su bi ta rediyo ko kanti ba. Daga waya zuwa waya suka riƙa tafiya, daga mamori zuwa mamori, har suka tsallaka hamada suka kai arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, yana tattara waƙoƙin da ke cikin wayoyin mutane, ya ci karo da ɗaya daga ciki. Ya sa ta a faifan da ya kira Music from Saharan Cellphones, ya kuma shiga neman mai ita har ya same shi. Yau Mdou Moctar yana cika dandali a Amurka da Turai.

Ku tsaya ku auna wannan. Hanyar da ta kai shi duniya ita ce dai hanyar da ta kawo shi kunnena: ɗan mamori da saurayi mai tura waƙa a rumfar kasuwa. Kamfanin Sahel Sounds kuma bai tsaya a kansa ba, a 2013 ya fitar da faifai mai suna Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa zalla, don masu saurare na ƙasashen waje. Abin da muke ji kullum a shagon aski, wasu suna sayensa a faifai su adana.

A cikin foldar akwai kuma 'yan matan ƙauyen Illighadad, Les Filles de Illighadad, ƙarƙashin Fatou Seidi Ghali, ɗaya daga cikin matan Abzinawa na farko da suka yi suna da jita. Nasu kiɗan sanyi ne da shi kamar ruwan randa. Jita tana maimaita 'yar gajeriyar tafiya, muryoyi suna amsa wa juna, a ƙasa kuma ga tende, wato turmin da aka ɗaure wa fata, da ƙwaryar da aka kife a kan ruwa ana bugawa. Da na ji ƙwaryar nan sai Barmani ta faɗo mini a rai nan take. Tsakanin Funtuwa da wancan ƙauye tafiya ce mai nisa, amma ƙwaryar mata ɗaya ce, kuma abin da take faɗi ɗaya ne. Ku nemi kundinsu Eghass Malan na 2017, ku ji shi da sassafe.

Na ukunsu Mamar Kassey ne, ƙungiyar Yacouba Moumouni ta Yamai, mai busa sarewa kamar tsuntsu ya shiga cikin kara. Suna haɗa sarewar Fulani da molo da kalangu da jitar zamani, suna waƙa da Zabarmanci da Fulatanci da Hausa. Mutumin Kabi da ya san Kamba da ƙasar Dandi zai ji kamar maƙwabta ne ke biki a bayan katanga. Kundinsu Denké-Denké shi ne ƙofar shiga.

Na Yanzu: 'ya'yan fiyano

Na san akwai tsararrakina da ke toshe kunne da zarar an ambaci waƙar zamani, su ce ai nanaye ce. Ina roƙonsu su ba ta dama ta dare ɗaya. Wannan kiɗan a gidanmu aka haife shi. Tun da finafinan Hausa suka kafu a Kano, daga Turmin Danya na 1990 zuwa zamanin Sangaya, yaranmu suka zauna gaban fiyano suna matsa ta har sai da ta koyi muryar kalangu da algaita da sarewa. Sun ɗebo daga finafinan Indiya da iyayensu suka kalla a silima, sun ɗebo daga gaɗar 'yan mata a dandali, sun dama su wuri ɗaya. Abin da ya fito namu ne, ba wanda ke da irinsa a duniya.

Ɗauki Jaruma ta Hamisu Breaker. A 2020 ta fito, lokacin kullen korona, mutane na zaune a gida zukata a ƙuntace, sai ga waƙar nan ta shiga kowane lungu, har matan aure suka riƙa taka rawarta a gaban mazajensu ana ɗauka a waya. Na sake jin ta yanzu da kunnen natsuwa, na gane dalili. Muryarsa tana karyewa daidai inda zuciyar mai so ke karyewa. Ba a koyon wannan a makaranta.

Ado Gwanja kuwa magajin Barmani ne a fagen bikin mata, ko da kayan kiɗansu sun bambanta. Warr da Chass, waɗanda suka karaɗe gari a 2022, kiɗan taro ne tsantsa, da habaici da zolaya da kirari, irin abin da zabiya ke yi tun zamanin da. Sa su a gidan biki a Rikoto, nan Zuru, ka ga ko akwai wadda za ta iya zama. Nura M. Inuwa shi ne mai alƙalami, baitinsa a tsare, maganarsa da nauyi, mai sa ka yi shiru ka tuna wani. Umar M. Shareef muryarsa kamar man shanu a kan tuwo mai zafi. Namenj ya ɗauko salon kiɗan Legas ya sa masa rigar Hausa, ta kuwa zauna masa ɗas, shi nake ba duk wanda ya ce waƙar Hausa ba za ta iya taushi da zamani a lokaci ɗaya ba. DJ AB na Kaduna kuma yana jero kalmomi da sauri da wasa da harshe, har na ce a raina da Narambaɗa zai ji yadda yaron nan ke murɗa Hausa, da ya gyaɗa kai.

Abin da na lura da shi, duk wanda ya kama ni a cikinsu, in na tona sai in tarar da tsohon abu a ƙasa: amshi, ko kirari, ko habaici, ko bugun kalangu da aka mayar cikin na'ura. Reshe ne sabo, saiwar ta da ce.

Na Gida: waƙar da ba ta da suna

Folda ta huɗu ita ce mafi ƙanƙanta, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Babu sunan mawaƙi ko ɗaya a cikinta, lambobi ne kawai. Ɗauka ce ta waya, wani ya ɗaga hannu a cikin taro ya danna. Ana jin iska tana bugun makirfo, ana jin yaro yana kuka a gefe. Na danna ta farko, sai tsigar jikina ta tashi.

Kiɗan Uhola ne.

Wanda bai san ƙasar Zuru ba, bari in gaya masa. Mutanen da Hausawa ke kira Dakarkari, su suna kiran kansu Lelna, harshensu kuma C'lela. Tare da su a masarautar akwai Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Acifawa da Hausawa da Fulani, a ƙananan hukumomi huɗu: Zuru, Danko-Wasagu, Fakai da Sakaba. Uhola shi ne babban bikin Lelna, ana yin sa bayan an kai amfanin gona gida, lokacin da dawa ta shiga rumbu, hunturu ya sauko. Biki ne na godiya, kuma biki ne na samari da 'yan mata da suka kai munzali. Yana ɗaure da golmo, al'adar da saurayi ke shiga ƙungiyar tsararrakinsa su yi wa iyayen yarinyar da zai aura noma, shekara bakwai a bisa tsarin da. Da yawa suna cewa wannan horon ne ya sa ƙasar Zuru ta yi suna wajen haihuwar sojoji. Marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, Gomo na Biyu, wanda shi kansa soja ne, ya ɗaukaka bikin ya mai da shi taron masarauta baki ɗaya, har da nunin amfanin gona.

To wannan kiɗan ne ke cikin wayata, minti goma sha ɗaya. Ganguna ne ke fara magana, babba tana riƙe da ƙasa, ƙanana suna yawo a kanta. Sai ƙaho ya shigo, ba ya bin gangar, yana ratsa ta ne ta gefe, amma duk inda suka rabu sai sun haɗu a wuri ɗaya. Sai akayau a ƙafafun masu rawa, ɗaruruwan ƙafafu suna sauka tare, har ƙasa kanta ta zama ganga. Can sai murya ɗaya ta namiji ta tashi sama, siririya, mai kaifi, taro ya amsa mata kamar hadari ya yi tsawa. Guɗa ta tsaga ta tsakiya. Ban taɓa jin wani abu da aka haɗa a sitidiyo da ya kai wannan cika ba. A cikin bugun kana jin fartanya. Kana jin mutum ashirin sun jera a kunya ɗaya, sun sunkuya tare, sun ɗago tare. Kiɗan da aiki ya haifa ke nan, shi ya sa ba ya gajiya.

Ina cikin saurare a tsakar gida, mahaifiyata tana gefe tana tsince wake. Ita 'yar Lelna ce, a ƙauye ta tashi kafin aure ya kawo ta gari. Sai na ga hannunta ya tsaya a cikin faifai.

"Kai, ina ka samo wannan?"

"A kasuwa, Inna. Wani yaro ya zuba mini."

"Mai da shi baya."

Na mayar. Ta rufe ido, leɓɓanta suna motsi tare da amshin. Da ya ƙare ta ce, "Wannan bugun na mutanen wajenmu ne. Kowane gari da hannunsa. Mu muna yara, daga nesa muke gane ko su wa ke tafe." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Masu irin wannan muryar sun yi saura kaɗan."

A daren nan ta ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinta ba duk tsawon rayuwata: yadda ake shirin bikin, yadda 'yan mata ke kwana suna gyaran ado, waƙoƙin da ake yi a bakin dutsen niƙa, da na daka inda taɓare uku ke faɗawa turmi ɗaya ba sa karo. Ɗan mamori na 'yan kuɗi kaɗan ya buɗe mini ɗakin da ke cikin gidanmu shekara da shekaru a rufe.

Sauran abin da ke foldar ma zinariya ne. Akwai kiɗan gayya da aka ɗauka a gona, makaɗi yana bin manoma a baya yana zuga su ɗaya bayan ɗaya. Akwai kiɗan kokawa. Akwai zumuntar mata ta wata majami'a, suna waƙa da C'lela suna juyawa Hausa, tulu yana ba da wannan sauti mai zurfi kamar bugun zuciya, muryoyi sun kasu sama da ƙasa. Mu a Zuru gida ɗaya za ka samu Musulmi da Kirista da mai bin al'adar gargajiya, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kunnenmu ya saba da duka. Wannan arziki ne da ba kowane gari ke da shi ba.

Abin da nake roƙo

Ga shawarata ga mai son ya bi wannan hanya. Fara da Ɗan Maraya, don ka koyi jin abu ɗaya tak. Ka wuce wurin Sani Ɗandawo da Narambaɗa, ka koyi jin jagora da 'yan amshi. Ka sa Barmani, ka bi ta da 'yan matan Illighadad, ka ji ƙwarya tana gaida ƙwarya. Ka saki Mdou Moctar da ƙarfi. Ka huta da Breaker da Namenj. Sa'an nan, in hunturu ya kama, ka shigo mota ka zo Zuru da ƙafarka, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma Uhola ba ta shiga waya duka.

Abu ɗaya ke ci mini rai. Mutumin nan mai siririyar murya, wanda ya tsai da hannun mahaifiyata a cikin wake, lamba ce kawai a wayata. Narambaɗa ya rasu tun tuni amma muna kiran sunansa, domin wani ya ɗauki muryarsa ya rubuta suna a jiki. Mdou Moctar ya kai inda ya kai domin wani ya ji waƙa a waya ya ce sai ya nemo mai ita. Namu gwanayen suna tsufa a ƙauyuka, wasu ƙauyukan ma a yankin Danko-Wasagu da Sakaba tashin hankalin 'yan bindiga ya tarwatsa su, kuma in gari ya watse, gangarsa da amshinsa sukan watse tare da shi.

Saboda haka ina kira ga samarinmu masu waya a hannu, da ɗaliban Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke nan Zuru, da masu sitidiyo, da masu tura waƙa a kasuwa. In kun je biki kun ɗauki kiɗa, ku ƙarasa aikin. Ku matsa kusa ku gaida makaɗin, ku nemi izininsa, ku tambayi sunansa da garinsa da sunan kiɗan, ku rubuta a jikin abin da kuka ɗauka tare da shekara. Ku sa masa wani abu a hannu. In kun tura wa wani, ku tura da sunan. Masu fiyano kuma, ga ganga ga ƙaho ga amshi a ƙofar gidanku, wanda babu mai shi a Kano ko Legas. Ku je ku zauna gaban dattawan nan ku koya, ku gina sabo a kai.

Shekaranjiya na koma rumfar yaron nan na ce masa, "Ɗana, wa ya kawo maka waƙar nan mai minti goma sha ɗaya?" Ya ce wani abokinsa ne ya ɗauko a bikin ƙauyensu, kuma ya san gidan mai waƙar. Mun yi alkawari ranar kasuwa mai zuwa zai raka ni. Na sayi goro, na tanadi sabon mamori. Inna ta ce in mun tashi kada mu bar ta a gida.